Muryar Inna a Kusurwar Allo

"Akwai wani abu mai amfani a tsohon?"

Abokin maigida ne ya tambaya a gaban kwamfuta, wanda suke ce wa Injiniya, ita kuwa tana bakin ƙofa riƙe da tiren shayi. Maigida ko waiwaye bai yi ba. "Babu komai, tarkace ne."

Tarkace!

Ga ta yanzu ita kaɗai a falo, sun fice suna dariya, kofuna sun bar zobe a kan tebur. Kwamfutar a buɗe, sai sheƙi take kamar ba ta aikata komai ba. Sandar nan ta ƙasan allo ta dawo, agogo ya dawo, har da hoton wani dutse... kusurwar hagu kuwa wayam.

Tun ranar da maigida ya cire manhajar da aka sayo kwamfutar da ita ya zuba wannan ta kyautar, gidan nan bai huta ba. Wai kowa na iya buɗe cikinta ya gyara yadda ransa ke so. To ga gyara! Yau ya canza launi, gobe tagogin allon sun ƙi rufuwa, jibi rubutu ya kumbura, sandar ƙasa ta yi ɓatan dabo. Sai ya buɗe baƙin akwatin nan na rubuta umarni ya yi ta ƙwanƙwasa yana tsaki, abinci na hucewa. Garin neman gira...

"Auta, wannan abin yana ɗauka kuwa? Ni ban ga ya motsa ba—"

Muryar Inna ce ke dawo mata. Saƙon murya ɗaya tak da ta taɓa iya turowa, ba a jima ba Allah ya karɓi abarsa. Yaya ne ya kwafo mata shi kafin tsohuwar wayar ta faɗa bokiti, ya ajiye a kusurwar hagu, ɗan farin abu, ya ce ki danna sau biyu. Iyakar saninta da kwamfuta ke nan, kuma wa ta roƙa ƙari?

Injiniya ya ce saitin tsohon asusun shiga kwamfutar ne ya cakuɗe, a buɗe sabo a gwada. Sabon ya yi aiki, suka tafa. Sai a share tsohon, da duk abin da ke cikinsa. Tana tsaye tana gani. Turancin da ya fito a allon bai karantu mata ba, amma ja ai ja ne, ko yaro ya san ja. Kwamfutar ma ta fi maigida imani — ita ta tsaya ta tambaya!

Ke kuma fa? Bakinki ina ya je? Baƙo na zaune, wai kar a ce matar gida ta tsoma baki a zancen maza. Kunya... kunyar banza. Tana riƙe da tire, yatsansa na sauka.

Kuma maigida ya sani. Wallahi ya sani! Ya taɓa wucewa tana saurare, har ya ce Allah ya ji ƙanta. Ko mantawa ya yi? Wanne ya fi ciwo?

Tana jan linzamin kwamfutar. Kusurwar hagu. Sau biyu. Shiru. Sau biyu kuma.

In ta faɗa, ta san yadda za ta kaya. "Haba, don me ba ki yi magana ba?" Laifin ya dawo kanta. A sake kiran Injiniya, ya buɗe baƙin akwati, ya karkaɗa kai ya ce saƙon ya tafi, sai haƙuri. A sake yi mata gaisuwar Inna a falon nan, a kan kofin shayi?

A'a. Muddin ba ta tambaya ba, ba wanda ya ce ya tafi. Ko Yaya ba zai ji ba.

"Auta, wannan abin..." sai dariya, sannan tarin nan nata. Ko tarin ne a gaba?

Tana tattara kofunan. Ko tarin ne a gaba...