Barcin Ɗan Fari

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, an sassare manyan itatuwan wani kurmi da ke kusa da Kucheri, sai jemagu suka rasa wurin rataya. Suka taso suka cika wata tsohuwar kanya da ke bayan gidan Rakiya. Kullum da safe sai a tarar da 'ya'yan kanya a ƙasa, an gatsa an yar, suna naso da yawun jemage. Mutane suna ƙyama, ba sa taɓawa. Jaki kuwa bai san ƙyama ba.

Jakin na Mas'udu ne, ɗan farin Rakiya, da shi yake kai dawa kasuwar Tsafe. Dabbar ta fara da ƙin ci, sannan ta dinga kewaya turke kamar ta manta inda ta dosa, daga baya ta kafa goshi a jikin rumbu, kumfa na dalala. Mas'udu ya kira maƙwabcinsu Sabiru ya riƙe masa, shi kuma ya cusa hannu cikin bakin jakin yana ɗura masa jiƙon kanwa. Jakin bai kai Juma'a ba. Kafin watan ya ƙare Sabiru ma ya rasu, bayan ya yi ta ihun ciwon kai. Sai Mas'udu ya kwanta.

Zazzaɓi ya fara zuwa, mai zafin da za a ji shi ta cikin zane. Wuyansa ya ƙage, haske ya zame masa abokin gaba, wani lokaci jikinsa ya yi ta fizga har ya ciji harshe. Daga nan sai barci, irin wanda ba hutu a cikinsa.

Gidan ya watse a hankali. Mijin Rakiya dama an ɗebe shi aikin hanyar jirgi, ba wanda ya san zangon da yake. Iyayen Luba, amaryar Mas'udu, suka zo daga Bilbis suka tafi da 'yarsu, wai sai ya ji sauƙi. Matan unguwa da ke shigowa ɗibar wuta da aron taɓarya suka koma wasu gidaje. Rakiya ba ta ga laifinsu ba. Ita ma ta lissafa: kanya, jaki, Sabiru, sai wannan.

Wanzamin garin ya zo, amma ya tsaya daga bakin zaure. Ya ce shi bai taɓa ganin irin ciwon ba, sai dai alamunsa sun nuna ya hau kai, abin da ke cikin ƙoƙon kan ne ya kumbura, ba shi kuwa da inda zai buɗa, shi ya sa barcin ke jansa ƙasa. Ya ce ƙaho ba zai yi ba. In har bai farka ya haɗiyi wani abu ba, ƙishirwa za ta riga ciwon kashe shi. A yi ta kiran sunansa a kunne, in ji shi, don suna ne abu na ƙarshe da kunne ke saki.

Rakiya ta ce to. Amma tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yabonsa gaban mutane, in za ta aike shi sai ta ce "kai", in za ta yi zancensa sai ta ce "mai jaki". Haka uwarta ta yi mata, haka ta ga kowace mace mai kunya tana yi.

Ta shiga ɗakin da ƙwaryar kunun tsamiya, ta tsaya kansa ta ce, "Kai." Ta sake cewa, "Mai jaki." Leɓunansa sun tsattsage, ƙuda na sauka a kansu, bai ko motsa ba.

Ta fito ta je bakin danga, ta roƙi Jummai matar Sabiru, wadda ke cikin takaba, ta taimaka ta kira shi ko daga can ne. Jummai ta ɗaga murya ta kira. Kaji suka watse, ɗakin shiru.

"Rakiya," in ji Jummai, "kunyar wa kike ji? Gidanga ba kowa sai ke da kaji."

Rana ta take tsaka lokacin da Rakiya ta koma ciki. Ta zauna bakin gadon kara, ta tallabo kansa ta ɗora bisa cinyarta, abin da rabonta da shi tun yaye. Kan ya yi nauyi, ya yi zafi kamar dutsen murhu. Ta buɗe baki, abin ya fito iska kawai. Ta waiga ƙofa, ba kowa. Ta sunkuya har leɓenta ya taɓa kunnensa.

"Mas'udu."

Ta sake faɗa, ta kuma sakewa, har sunan ya daina yi mata kama da na baƙo. Can sai fatar idonsa ta yi rawa. Ya buɗe, ido ɗaya na kallonta, ɗayan ya karkata gefe. Ta kai ludayi bakinsa, maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye. Ya ƙara haɗiyewa.

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, cikin ladabin da ake yi wa baƙuwa, "Sannu, baiwar Allah. Ina Inna ta tahi?"

Ta so ta ce ga ta nan. Sai ta ga in ta faɗa zai yi gardama, don Innarsa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma rungumar kansa, gardamar kuwa za ta cinye ɗan ƙarfin da zai sha kunun da shi.

"Ta tahi rijiya," ta ce. "Tana zuwa. Sha."

"Ki ce mata na sha," ya ce, idon na lumshewa.

Rakiya ta goge masa haɓa da bakin zanenta, ta cika ludayin, ta sake sunkuyawa kan kunnensa.