Gammon Sojan Darma

Dikko yana da sojoji ɗari huɗu da goma sha ɗaya, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa. Na darma ne. Suna tsaye sahu-sahu cikin kabad ɗin gilashi a falonsa na unguwar Park Hill, Faransawa a sama, Turkawa a tsakiya, Jamusawa a ƙasa inda ido bai cika kaiwa ba. Ranakun aiki yana haɗa wa marasa lafiya magani a wani asibiti a Manhattan. Asabar da Lahadi kuwa yakan zauna gaban taga da siririn buroshi, yana yi wa mutanen da suka mutu shekara ɗari biyu da suka wuce maɓallan riga. Matarsa, Halima Sa'adiya, ta daɗe da yanke hukuncin cewa cikin abubuwan da magidanci ɗan hamsin da biyu zai iya kamuwa da su a New York, wannan da sauƙi.

Akwai ƙungiyar masu irin wannan lalura, kuma sukan yi baje koli sau ɗaya a shekara. Bana Dikko ya yi alkawarin kawo kakansa na wajen uwa, Uwaisu, wanda ya je yaƙin Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu. Shekara goma sha ɗaya yana gaya musu cewa kakan saje ne. Shi ma haka ya ji daga bakin kawunnansa a wuraren suna da ɗaurin aure, inda muƙamin marigayin yake ƙaruwa a hankali. Ya yi odar sojan daga Ingila: baƙar fata, malafa mai faɗi, bindiga a hannu. Mako shida ya yi yana fentinsa. Fuska kaɗai ta rage, domin babu hoton tsohon ko ɗaya, kuma ya rasu kafin Dikko ya yi wayo.

Mutum ɗaya ce ta rage a duniya da ta san fuskar, kuma tana zaune a kan kujerar falon. Mahaifiyarsa, Hajiya Hajara, ta zo daga Kano an cire mata yanar ido. Aiki ya yi kyau. Abu na farko da ta gani sarai bayan shekaru shi ne ɗanta ya tara gumaka a ɗaki. Tun ranar take sa a lulluɓe kabad ɗin da zani kafin ta ta da salla. Ranar Lahadi za ta koma gida, baje kolin kuma ranar Asabar ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya durƙusa gabanta da sojan a tafin hannu, ya miƙa mata gilashin ƙara girma da ya saya a Canal Street.

"Hajiya, zanen fuskar Kaka nake so ki tuna mini. Guda nawa ne a kumatu?"

Ta karɓi gilashin ba don tana so ba, ta duba.

"Wane ne wannan?"

"Kaka Uwaisu."

"Wa ya ba shi bindiga?"

Dikko ya yi mata bayanin irin bindigar, da shekarar da aka fara raba ta. Ta bar shi ya gama. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, sai ta ce, "Kai, Baba bai taɓa harba komai ba. Dako ya yi musu. Akwatin harsashi, buhun shinkafa, duk abin da aka aza masa. Ya ce duwatsun can ko alfadari ba ya hawa, sai su. Tsakar kansa babu gashi, sumul kamar tafin hannu. Mu muke shafa masa man shanu a wuya idan ciwon ya tashi."

"Amma Kawu Shitu ya ce saje ne."

"Kawunka ai ya ce ya je Makka sau uku."

Dikko ya san da 'yan dakon. Suna cikin littattafansa, sakin layi ɗaya ko biyu, tsakanin taswira da hoton wani janar. Ya sha karanta wurin ya wuce, kamar yadda mutum yake wuce mai shara a tasha.

Ya shiga kicin ya tsaya kan Halima Sa'adiya tana yanka alayyahu. Katin da za a ajiye gaban sojan an riga an buga shi: Saje Uwaisu, Bama.

"Baban Khairunnisa, wa zai sani?" ta ce. "Mutanen nan ba su san Kaka ba."

Gaskiya ne. Sai dai shi ne mutumin da bara ya tsare abokinsa Hakeem, tsohon direban bas, awa guda cur a kan cewa ya yi wa wani sojan Faransa maɓalli takwas alhali tara ne. Wannan sojan bai haɗa komai da Dikko ba.

Ranar Juma'a da ya dawo masallaci ya ɗauki reza. Ya yanke bindigar, ya kankare malafar, aikin mako shida ya zube kan jarida kamar dusa. Ya ƙera ɗan akwati da tsinken juya shayi, ya lanƙwasa hannuwan biyu sama, ya manna akwatin a kai da gam. Ya yi kyau, a ganinsa.

Hajiya ta zo wucewa za ta yi alwala, ta tsaya.

"Haka zai ɗauka? Kafin ya kai bakin ƙofa wuyansa ya karye. Ina gammo?"

Dikko ya yi digiri biyu, ya san sunan kowane maɗauri a kayan sojojin ƙasashe bakwai. Bai taɓa ɗaukar ko bokitin ruwa a ka ba.

"Kuma sauke masa hannu ɗaya. Mai riƙe kaya da hannu biyu baƙo ne a aikin. Ɗayan hannun na kama reshe ne idan ana hawa. Miƙe masa wuya. Mai kaya ba ya sunkuyar da kai, ido kawai yake saukewa."

Ya ɓamɓare akwatin, ya gyara hannun da wuyan. Ya yanko ɗan ƙyalle ya naɗe, ya warware. Ya sake, ya sake warwarewa.

"Matsa," ta ce.

Ta zauna a kujerarsa, wadda ko Halima Sa'adiya ba ta zama. Ta zaro zare daga bakin mayafinta, ta murza shi a cinya, ta naɗa a kan tsinken sakace zagaye uku, ta cusa bakin zaren ta ƙarƙashi yadda nauyi zai danne shi. Ta zare tsinken. Gammo ya fito, bai kai ƙwayar dawa ba. Ta ɗaga sojan da yatsu biyu, ita da ta ƙi taɓa ko murfin kabad ɗin wata guda.

"Zanen fuskar fa, Hajiya?"

"Ba shi da zane. Goge masa gashin tsakar kai."

"Ai gammo zai rufe wurin."

"Goge dai."

Ya goge, ya shafa fenti ruwan ƙasa mai ɗan sheƙi a wurin. Da ya bushe ta aza gammon, shi kuma ya aza akwatin.

Ranar Asabar suka hau bas zuwa bakin ruwa, suka shiga jirgin fito. Hajiya ce ta riƙe kwalin sojan a cinya. A zauren baje kolin Dikko ya juya katin da aka buga, ya rubuta a bayansa da biro: Uwaisu, ɗan dako, Bama.

Hakeem ya zo ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Ina sajen?" ya tambaya da Turanci.

"Babu saje. Wannan ne."

"Wane kamfani ne yake yin irinsa?"

"Babu mai yi."

Hakeem ya nuna gammon da bakin biro, ya tambayi ko mene ne. Dikko ya buɗe baki, sai ya ga ya fi sauƙi ya yi tafinta. Hajiya ta yi bayani da Hausa, tana nuna yadda ake naɗi da gefen mayafi, mutum huɗu suna saurare. Kyautar gwanin baje kolin ta tafi ga wani sojan Faransa mai gashin tsuntsu a hula.

Da safiyar Lahadi, ana fitar da akwatunanta, Hajiya ta ɗage zanin kabad ɗin, ta buɗe, ta ɗauko ɗan dakon daga tsakiyar Turkawa inda Dikko ya sama masa wuri. Ta naɗe shi a hankici ta jefa a jakar hannu.

"Hajiya, ai na ɗauka gunki ne."

"Gunki ne mana. Amma ba zan bar shi cikin masu bindiga ba, wani aikin za su sa shi."

Dikko ya ɗauki babban akwatin ya nufi lif, yana jan sa a kan tayoyi.