Kuɓewar Jikin Katanga

Ranar Asabar za su zo, uwar yara da yayanta. Wata huɗu ke nan da ta kwashe kayanta ta tafi da Auta, ta bar wa Mai Walda babbar, wadda yake kira 'Yar Baba, saboda makarantarta tana nan bayan layi. A gaban yayan aka yanke magana: za su zo su ga gidan da idonsu. In yarinyar tana ci tana sha, ta zauna wajen ubanta. In ba haka ba, ta bi uwarta.

Mai Walda bai ja zance ba, don shi ba mutumin surutu ba ne. Amma wata huɗun nan ya ji jiki. Aiki sai an kawo wuta, wutar kuwa sai ta ga dama. Ya sayar da babur, ya daina shan shayin bakin shago. Gas ya ƙare, ya jingine tukunyar, ya haɗa murhun gawayi da tsohon rim, ƙarfen tayar mota. Nama sau ɗaya a mako. Abin da ya rufa wa tukunya asiri shi ne ɗan lambun da uwar yara ta bari a bayan gida: alayyafo, tumatir, barkono a tsofaffin tayoyi, da kuɓewa layi uku. Shi bai san kansa ba, bai san gindinsa ba. 'Yar Baba ke ban ruwa kafin ta tafi makaranta, ita ke tsinko na miya, ita ke ɗorawa.

Ran Talata ba a kawo wuta ba, sai ya rufe shago tun hantsi ya dawo gyaran gida. Ya gyara shi yadda yake gyara shago in babban kwastoma zai zo: abin da ke aiki a ajiye, abin da ya mutu a bola. Ya ɗaure ƙofar banɗaki, ya toshe inda kwano ke yoyo, sannan ya zagaya baya.

Layin da ke jikin katanga ya ba shi haushi. Kuɓewar ta yi tsawo ta tsufa, ganye ya zube, 'ya'yan sun bushe sun ƙame kamar ƙaho, ga wasu tsummoki ja an ɗaɗɗaura musu. Wannan za a nuna wa baƙi? Ya tumɓuke su kaf, ya tara, ya ƙyasta ashana. Suna ci suna tas-tas, yana jin daɗin wurin ya yi fili.

'Yar Baba ta dawo da jaka a baya, ta tsaya a bakin lambun.

"Baba, me ka ƙona?"

"Bola."

Ta dubi katanga, ta dubi toka. Jakar ta zame daga kafaɗarta.

"Iri ne, Baba."

"Wane iri? Busasshen abu?"

"Ai sai ya bushe. Waɗanda suka fi kyau ake bari, a ɗaura musu ja don kada a tsinka. Na Kaka ne, tun kafin ta rasu Mama ke ajiye shi. Ta ce in cire mata rabi ran Asabar."

"To sai me? A saya a kasuwa."

Ya ɗauko sandar ƙarfe ya tona tokar, bai sami ko ƙwaya ba. Ya wurgar da sandar ya ce ta je ta ɗora abinci. A ransa ya ce zance ya ƙare, ai ba don kuɓewa za a raba mutum da 'yarsa ba.

Asabar da hantsi suka iso. Uwar yara ta gaishe shi tana kallon gefe, ta rungume 'yarta, har tana shafa wuyanta kamar mai auna ƙashi. Yayan kuwa dattijo ne mai fara'a, ya bi gidan lungu-lungu. Ya buɗe buhun shinkafa, ya leƙa duron ruwa, ya tsaya kan murhu.

"Mai Walda, wannan girki ake yi da shi, ko turawa za mu yi ya tashi?"

"Yana aiki, Yaya."

"Na gani. Wallahi gidan ya fi nawa tsabta."

Mai Walda ya saki numfashi. Sai ya ga uwar yara ta nufi baya tare da yayan da yarinyar, ya bi su.

Uwar ta duba tumatir, ta juya ganyen barkono. Ta isa jikin katanga ta tsaya.

"Ina irin?"

Ya buɗe baki, yarinyar ta riga shi.

"Na cire, Mama. Yana cikin gwangwani."

"Kawo."

Yarinyar ta shiga ɗaki. Mai Walda ya bi ta da kallo. Wane gwangwani kuma? Yana jin motsinta, yana jin yayan na yabon alayyafo. Ta fito da gwangwanin madara, ta miƙa.

Uwar ta zuba a tafin hannu. Iri ne kuwa, na kuɓewa. Ta motsa shi da yatsa, ta ɗaga zuwa haske. An wanke shi, amma jan maganin da 'yan kasuwa ke shafa wa iri bai fita duka ba.

"Wannan ne na Kaka?"

"Shi ne."

"Dube ni. Wannan ne?"

Yarinyar ta dubi ƙasa. Mai Walda ya san in ya ja bakinsa, iyakaci a yi mata faɗa a wuce wurin, yayan ya riga ya gamsu. Ya kalli ƙeyarta, ya ga yadda ta dunƙule hannu tana shirin sake cewa shi ne.

"Ni na ƙone shi," ya ce. "Ran Talata. Na ɗauka bola ce. Wannan ban san inda ta samo ba."

Uwar ba ta ko kalle shi ba, ta durƙusa gaban yarinyar.

"Da me kika saya?"

"Kuɗin abincin makaranta."

"Na kwana nawa?"

"Uku."

"Kwana uku ba ki ci komai a makaranta ba?"

"Ba na jin yunwa, Mama."

Uwar ta miƙe ta karkaɗe hannu. "Yaya, ka ji da kunnenka."

"Ban taɓa barinta ta kwana da yunwa ba," in ji Mai Walda, murya ta fara tashi. "A tambaye ta! Babur na sayar a kan yarinyar nan!"

"Baban Auta, ba wanda ya ce ba ka yi ƙoƙari ba. Iri kuma ya tafi, ba shi na zo nema ba. Wata huɗu kana wuce jan tsumman nan, ko sau ɗaya ba ka ce mata na mene ne ba. Ita ke girki, ita ke lambu, yanzu har ƙarya take yi don ta rufa maka. Shekararta goma sha biyu. Ni na bar maka ita ka riƙe, ashe ita ke riƙe da kai."

"Mama, ni na ga dama..."

"Ke, yi shiru."

Mai Walda ya juya wajen yayan. Dattijon ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Fara'ar ta tafi.

"Da ka yi shiru, da ban sani ba," ya ce. "To ka faɗa, kuma na ji. Ci da sha muka ce. Ta koma wajen uwarta. Duk Asabar a kawo maka ita ta kwana biyu. Makaranta kuma ta riƙa shiga mota."

"Yaya..."

"Na gama, Mai Walda."

Kayanta ba yawa, jaka ɗaya da leda. Mai Walda ya ɗauki jakar ya kai bakin ƙofa da kansa, ya ajiye. Uwar da yayan suka yi gaba. Yarinyar ta tsaya, idonta jawur, tana magana da sauri kamar mai tsoron a kira ta.

"Ban ruwa da sassafe, ba da rana ba. Ruwan wanki kada ka zuba wa tumatir. Alayyafo yanka za ka yi, ba tumɓukewa ba."

"To."

"In ba ka gane abu ba, ka bar shi sai na zo."

"To."

Uwar ta kira ta daga bakin titi. Ta ɗauki jakar, ta yi mata nauyi, ta sauya hannu, ta bi su.