Za a Hau Bisa

"Sassauta murya, Tasi'u, ba gwanjo mukai ba," in ji Sodangi, yana leƙen ƙofar zaure.

Tasi'u mai haɗa sola ne, tun hantsi ya iso Shagari daga Bodinga a kan babur. Allah ya ba shi sana'a, ya kuma ba shi maƙogwaro irin na ladan.

"Iri biyu na, Malam. Ƙarama, faranti biyu, ta ja fanka guda da ƙwan lantarki uku. Babba, faranti huɗu, ta ja fanka, ta cika wayoyin unguwa, ko gezau."

"Ƙarama," in ji Sodangi tun Tasi'u bai rufe baki ba.

Shi fanka kawai yake so. Zafin bazarar bana ya sa mahaifiyarsa, Inna Kaltume, a gaba, duk bayanta ƙuraje, barci ya gagare ta. Abin yana damunsa ƙwarai. Ƙaramar ta ishi fankar Inna, amma fa in ba wanda ya sani. Ya ga yadda aka yi da wansa Badaru a Mandera: ranar da aka ji ya sa sola, gidansa ya koma shagon caji, kafin magariba batir ya mutu, fanka ta tsaya cak. Babbar kuwa, sai an sayar da bijimin da yake kiwo tun kaka. Haba! Shi ya sa ya shirya a kawo kaya cikin buhunan albasa, a aza faranti ta bayan ɗaki, shiru kake ji.

"To bari in duba kwanon rufin, in ga inda rana ka faɗuwa," in ji Tasi'u.

Ya jingina tsani a tsakar gida, ya ɗora ƙafa, ya cika ƙirji da iska. A nan ne Sodangi ya tuna abin da ya manta. Namiji ba ya hawa rufi a garin nan sai ya sanar, don matan maƙwabta su kimtsa.

"Salamu alaikum maƙwabta! Za a hau bisa! Mata a yi lulluɓi! Sola za a aza gidan Malam Sodangi!"

"Inna lillahi! Wa ya ce ka faɗi dalili?"

"A'a, Malam, in ban faɗi ba su ce leƙe ya kawo ni."

Tasi'u bai kai ƙarshen tsani ba guɗa ta tashi a gidan gabas. Sai ga kan Nana Hauwa ta saman katanga, ta tako turmi, tana kiran matar gidan.

"Balaraba! Barkanku! Allah ya sanya alheri! Mun huta da kai waya bakin tasha!"

Ta miƙo tata da ta maigidanta, wai a kama musu layi. Daga yamma ma wata ta miƙo uku cikin kwanon sha, har da tocila. Balaraba ta tsaya da wayoyi rungume a zani, tana kallon mijinta, dariya na cinta.

Sodangi ya buɗe baki zai ce ba a ma sayo komai ba, sai ya haɗiye. Nana Hauwa ce fa. Ita ke shigowa kullum da azahar ta zauna tana yi wa Inna fifita, in Balaraba na gindin murhu. Da wane ido zai ce mata batir ba ya isa?

Daga ɗaki muryar Inna ta fito, tar da ita kamar ba mai ciwo ba.

"Balaraba, amshi na kowa! A ce wa gidan liman su ma su kawo!"

Tasi'u ya leƙo daga kan rufi, yana share gumi.

"Malam, kwanonka lafiya lau. Biyun zan kawo ko?"

Sodangi ya juya baya. Ya taka zuwa turke, ya tsaya gaban bijimin yana sosa masa wuya. Ya jawo damin harawa mai kyau, wadda yake ta tattali, ya kwance, ya zube masa duka.

"Huɗu," ya ce, bai waiwayo ba. "Amma ka bari sai bayan ran kasuwa."