Abin da ke Cikin Hular Jibrilla

Jibrilla direba ya sha faɗa a majalisar mai shayi ta Zango cewa duk namijin da ya taɓa lemar kwaɗi, farin tsiron nan na gindin suri, a ba shi zane ya ɗaura. Shi da Ɗanliti tela suka fi kowa ɗaga murya a kan zancen.

Sai ga matarsa Rasmata da ciki. Kwaɗayin bai faɗa kan kilishi ba, sai kan miyar lemar kwaɗi. Surukarsa ta taso takanas daga unguwar Cissin ta shaida masa cewa in mai ciki ta rasa abin da take so, da tabonsa jariri zai fito a goshi.

"Ka zauna abinka, Malam," in ji Rasmata. "Ranar suna majalisa ta zo ta ga goshin."

Ana sallame asuba ya tura ɗan babur ɗinsa mobilet har bakin titi kafin ya tayar, kada maƙwabta su ji. Ya nufi kurmin bayan baraji, madatsar ruwan gari. Ƙarshen damina ne, raɓa ta kwanta fari fat a kan ciyawa, sanyi na cizon yatsu. Gwarzon majalisa ya dinga bin suri ɗaya bayan ɗaya, wandonsa sharkaf.

Can ya hango su, farare, sun yi cincirindo. Ya durƙusa ya cika hularsa. Yana ɗagowa ya yi ido huɗu da wani a durƙushe a bayan surin. Ɗanliti ne, da tasa hular a hannu, cike taf.

"A'a, ƙato! Zanen ka zo nema?" in ji Ɗanliti.

"Iska na fito sha, dokita ya ce. Kai fa, awon riga ka zo yi wa gara?"

Suka dubi hulunan juna.

"Matata Raliya ce," Ɗanliti ya ce a hankali. "Cikin ya shiga wata na biyar."

"Ban gan ka ba," in ji Jibrilla.

"Ni yau ban ma fito daga gida ba."

Da yamma a majalisa wani ya tambayi dalilin da duk su biyun suka zo ba hula, suna ta atishawa.

"Wanki," suka amsa tare.

Jibrilla ya kurɓi shayi, ya gyara zama. "Wai ni kam, har yanzu akwai mazan da ke tsintar abin nan?"

"Ƙarshen duniya kenan," in ji Ɗanliti, yana kankare jar ƙasar suri daga farcensa.