Injin Cikin Leda

Ƙarar injin numfashi ta cika ɗakin, jar fitilarsa sai ƙiftawa take.

"Injiniya, yi wani abu mana!" nas ta daka mata tsawa.

Injiniya ta durƙusa bayan injin, sukudireba a hannunta. Wanda ke kan gadon yayanta ne, shi ya ɗauki nauyinta har ta gama digiri na biyu kan na'urorin asibiti. Zanen injin nan ta haddace shi kaf, da shi ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Amma ba ta taɓa buɗe irinsa ba. Tana cikin laluben inda murfin ke ɓallewa likita ya ja mayafi ya rufe fuskar Yaya.

Washegari tsohon makanikin asibitin, wanda ko difloma ba shi da ita, ya dawo daga hutu. Cikin minti biyu ya zaro matatar iskar injin, ta toshe ta yi baƙi ƙirin.

"Wannan ce fa kawai, 'yata. Ba su nuna muku ba?"

*

Wa zai nuna? Shekara biyu makullin ɗakin gwaji na jami'a na aljihun Farfesan da ya koyar da su, injinan na cikin leda. "Ido kawai, ban da hannu," in ji shi kullum. "In kun ɓata, uban wa zai kawo wani?"

Wata uku da rasuwar sai ga wayar Farfesa.

"Tauraruwata! Masu tantance kwas ɗinmu za su zo. Ki zo ki nuna musu irin horon da muke bayarwa."

"Zan zo, ranka ya daɗe."

Matar Yaya, da ke takaba, ta kalli fuskar Injiniya ta tsorata. "Ki bar shi da Allah."

"Na bar shi, Anti. Gaisuwa kawai zan kai."

*

Ranar da masu tantancewar suka zo ɗakin gwaji, an cire ledoji, an goge komai yana ƙyalli. Injiniya ta wuce kai tsaye wurin injin numfashi, ta ɗaga wayar wutarsa sama. Tana nan a naɗe, da ɗaurin kamfani.

"Ko sau ɗaya ba a taɓa kunna shi ba. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, kuma irinsa ya kashe yayana ina durƙushe a bayansa." Ta miƙa wa Farfesa sukudireba. "Malam, nuna wa baƙinka inda matatar take."

Sau biyu ya zagaya injin, gumi na ɗiga daga gemunsa. Bai samu ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya buɗe littafinsa ya fara rubutu.

*

Ranar Litinin da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Wani mutum ne da ba ta sani ba, riƙe da ambulan mai tambarin jami'a.

"Ke ce Injiniya? An kafa kwamiti kan digirinki. Sun ce ke da bakinki kika shaida ba ki iya aikin ba."

Ta juya ta kalli bango. Takardar digirin na nan cikin gilashi, a kan ƙusar da Yaya ya kafa da hannunsa.