Kawu bai gama gyara ba

Jan Biro ake ce masa, don shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci, kuma babu takardar da ta taɓa fita daga hannunsa ba ta sha jan layi ba. Ƙa'idarsa ɗaya: rubutu sai ya kwana uku kafin a miƙa shi.

Ran Litinin ƙanwarsa ta shigo da 'yarta, ma'aikaciyar jinya, idon yarinyar ya yi luhu-luhu. An zargi yarinyar da satar maganin kashe zafi daga ɗakin ajiya. Idan takardar kare kai ba ta isa hukumar ma'aikatan jinya ba kafin sha biyun ranar Juma'a, za a ƙwace mata lasisi.

"Yaya, layi biyar kawai. Ka ce ba ta sha ba, ba ta sayar ba."

"Ke dai ba ki san Turanci ba," in ji shi. "Akwai 'yan kalmomi biyu da ke haɗa irin wannan zance, 'nor' da 'or'. In na sa waccan, ba ta yi ko ɗaya ba. In na kuskura na sa wannan, sai a ce ƙila ta yi guda."

"To ka sa waccan mana, Kawu."

Ya sa. Laraba ya goge, ya baje littattafai huɗu a kan tebur. Gaskiya yana son yarinyar, amma tsoron a kama shi da kuskure ya fi ƙarfinsa. Alhamis ya sake sabuwa fil, sai ƙa'ida ta ce a bar ta ta kwana ko da ɗaya ne. Safiyar Juma'a ma sai da ya tsaya sake kwafa, wai waƙafi ya karkace.

Sha biyu da rabi ya isa ofishin hukumar. Akawu na haɗa fayiloli.

"An rufe, Baba."

"Ɗana, karanta ka gani. Babu kuskure ko ɗaya."

"Ai ba ma karantawa. Hatimi muke bugawa, a kira mutum ya yi bayani da bakinsa. Jiya wani a bayan katin asibiti ya rubuto tasa."

Kunya ta rufe shi. A kan benci a waje ya tarar da ƙanwarsa da 'yarta, yarinyar sanye da fararen kayan aikinta, an goge su tas.

"Yaya, an karɓa?"

Ƙanwar ta dubi ambulan ɗin da ke hannunsa, ta daɗe tana dubansa.

"Tashi mu tafi," ta ce wa 'yarta. "Ki cire kayan nan in mun je gida."